Rami Uku a Mabera

Ɗana Mu'alledi ya dawo daga Jos
da dashe uku cikin baƙar leda,
ganye mai kauri, yana sheƙi kamar an shafa man shanu.
Sau biyu ya faɗi sunan, baibanam ko mene ne,
sunan ya ƙi zama a harshena.
Ya nuna mini hoto a waya,
farin fure curi-curi kamar dawon da ba a dama ba.
Ya ce, Baba, wannan ba ta san wahala ba,
ko ƙanƙara ba ta kashe ta.
Na ce, to, ƙanƙarar a Mabera za mu samo ta?

Duk da haka na haƙa.
Rami uku a gindin katanga,
diga na tsalle a kan marmara,
kafaɗata ta kwana tana ba ni labari.
Na ɗauko taki buhu guda daga Kara,
na kafa musu rumfar zana,
na riƙa sayen jarka biyu daga kurar mai ruwa,
ni da nake lissafin fansho kafin wata ya raba.

Tumba maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga,
ta daɗe tana tauna goro kafin ta ce,
Malam, wanga icce ba na ƙasag ga ba na.
Na yi kamar rediyo nake saurara.

Sai bazara ta sauka.
Irin wadda ƙofar ƙarfe ke cizon hannu,
ƙadangare ya ɗaga ƙafa ɗaya ya sauke ɗaya,
ruwan randa ma ya yi ɗumi.
Na farko ya ƙone daga gefen ganye
kamar takardar da aka kai kusa da fitila.
Na biyu gara ta shige shi ta ƙasa,
na taɓa shi da safe, ya zube mini a tafi.
Na ukun ya yi ƙoƙari.
Ya ga hadarin farko ya taso daga gabas,
ya mutu saura kwana tara ruwa ya sauka.

Da na tumɓuke shi na ga saiwar
tana nan a naɗe, da siffar ledar da ta zo ciki.
Wata biyar a gidana
bai taɓa miƙe ƙafa ba.

A ranar na zaga bayan madafa neman inda zan jefar,
na ci karo da aguwa.
Sanda ce kawai marigayiya Ige ta soka
don ta tokare akurkin kaji,
shekara shida ke nan.
Kajin sun ƙare, akurkin ya ruɓe,
sandar ta yi rassa har ta fi ni tsawo.
Kusa da ita lallen da ke shan ruwan alwalata,
ban taɓa ba shi da niyya ba.
Zogalen da akuya ta aske sau uku
ya sake fito da kai, ko kunya babu.
Kariya kuwa, cikin fasasshiyar tukunya,
ba ganye ko ɗaya, ciki kamar tulu,
ta cika da jan fure,
kuma tun yaushe, ban sani ba.

Na tsaya nan har inuwa ta bar ni.

Washegari Tumba ta miƙo reshen dashi ta kan danga,
ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.
Na sare shi gida uku,
ramukan dama suna nan da takinsu.

Jiya Mu'alledi ya kira.
Baba, sun yi fure?
Na dubi kariyar uwarsa.
Na ce, akwai fure a gidan,
in ka zo ka gani.